Auren zumunci a ƙasar waje: abin da za ka bincika kafin a ɗaura

Da yawa daga cikin samarinmu da ke zuwa Turai ko Amurka, tun ba su gama sanin hanyar gidansu ba an riga an yi musu mata a gida. 'Yar baffa ce, ko 'yar kawu, ko 'yar gwaggon da kuka tashi kuna wasan taubasai. A wurinmu wannan ba abin dogon zance ba ne, tuwona maina. Aya ta 23 cikin Suratun Nisa'i ta lissafo matan da aurensu ya haramta, kuma waɗannan ba sa ciki. Sai dai jami'in da zai duba takardun matarka ba da wannan ayar yake aiki ba. Dokar da ke gabansa tana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka ma daga jiha zuwa jiha.

Masu sauƙin tukuna. Kanada, Jamus da Faransa duk sun yarda 'ya'yan wa da ƙane su auri juna. Saudiyya da Dubai ba sai an faɗa ba. Ƙasar Sin kuwa ta hana, ga masu zaman Guangzhou su sani.

Amurka ce mai wuyar sha'ani, domin sha'anin aure ba na gwamnatin tarayya ba ne, kowace jiha da tata dokar. Wajen rabin jihohin sun hana wannan aure. New York, California, Maryland, Virginia, Georgia da New Jersey sun halatta. Wasu sun halatta da sharaɗin da ba zai amfani saurayi da budurwa ba: a Arizona sai dukansu sun kai shekara 65 ko ɗayansu ba ya haihuwa, a Illinois shekara 50. Maine tana neman shaidar cewa kun ga likitan cututtukan gado. North Carolina ta yarda, amma ban da inda zumuncin ya zo ta fuska biyu, wato ubanku 'yan'uwa ne, iyayenku mata ma 'yan'uwa ne, abin da ba baƙo ba ne a manyan gidajenmu. Tennessee sai a 2024 ta shiga sahun masu hanawa, wanda ke nuna maka cewa labarin da wani tsohon zama ya ba ka yana iya zama ya tsufa.

Texas ta fi kowa zafi, ga shi kuma nan 'yan Najeriya suka fi cika, a Houston da Dallas. Tun 2005 ba a ba irin waɗannan 'yan'uwa lasisin aure a can, sannan dokar jihar ta sa kwanciyar aure tsakaninsu cikin manyan laifuka. Duk wanda matarsa 'yar baffansa ce, aka kira shi aiki a Texas, ya ga lauya kafin ya kama haya.

To idan a Kano ko Maraɗi aka ɗaura fa? Ƙa'idar hukumar shige da fice ta Amurka ita ce auren da ya inganta a inda aka ɗaura shi ya inganta. Amma akwai togaciya: za su duba jihar da kuka ce za ku zauna, idan auren ya ci karo da dokarta mai ƙarfi, suna iya ƙin amincewa da shi don ba da biza. Ba duk jihar da ta hana ɗaurawa a cikinta ce ke ƙin wanda aka ɗauro a waje ba, shi ya sa wannan tambaya ta lauyan shige da fice ce, ba ta majalisar bayan sallar Juma'a ba. Bizar kawo wadda za a aura, mai suna K-1, ta fi tsanani: dole a ɗaura cikin kwana 90 da shigowarta, saboda haka dole jihar da za a ɗaura ta zama mai yarda.

A Ingila halas ne. Dokar aure ta 1949 ba ta sa 'ya'yan wa da ƙane cikin waɗanda aka hana ba. Amma maganar ta yi zafi 'yan shekarun nan. A watan Disamba na 2024 ɗan majalisa Richard Holden ya gabatar da ƙudirin hanawa, wani ɗan majalisar, Iqbal Mohamed, ya tashi ya ce wayar da kai da gwajin lafiya sun fi haramtawa. Masu son a hana suna kafa hujja da binciken da aka yi kan jariran birnin Bradford, wanda aka wallafa a 2013: yiwuwar haihuwar jariri da nakasa ya tashi daga kusan kashi 3 cikin 100 zuwa kusan 6 idan iyaye 'yan'uwa ne na kusa haka. Ninki ne, ba a musu. Kuma 94 cikin 100 lafiya lau suke fitowa. Kowane ɓangare yakan ɗauki rabin da ya yi masa daɗi.

A ganina abin da ya fi kama mutanenmu a Ingila ba dangantakar ba ce, abubuwan da ke rakiyarta ne. Tun Fabrairun 2023 aurar da wanda bai kai 18 ba laifi ne a Ingila da Wales, ko iyaye sun yarda, ko a masallaci kawai aka yi, ko an kai yarinyar gida hutu aka ɗaura a can. Auren dole laifi ne tun 2014, kuma matsin lambar iyaye, irin su "in ba ki aure shi ba ban yafe miki ba", yana cikin abin da suke kira dole. Sannan auren da aka ɗaura a masallaci a Ingila ba tare da an yi masa rajista ba, a idon kotun Ingila ba aure ba ne. Ranar da aka rabu ko miji ya rasu, matar ce ke kwana a ciki.

Arewacin Turai ya fi karkata ga hanawa. Norway ta hana daga farkon 2025, gwamnatin Sweden ma ta ɗauki wannan hanya. Denmark ta daɗe tana kallon auren 'yan'uwa na kusa a matsayin na dole idan aka zo neman kawo mata ko miji, sai ku ne za ku tabbatar da cewa da son ranku aka yi. A Holland tun 2015 sai kowannenku ya rantse a gaban hukuma cewa ba wanda ya tilasta masa.

Yanzu ga maganar da na fi so ka riƙe. Kada ka ɓoye dangantakar. Za a sami mai ba ka shawara ya ce ka rubuta a jami'a kuka haɗu. Takardun haihuwarku na iya nuna sunan kaka ɗaya, garinku ɗaya, hotunan bikin dangi ɗaya ne gaba da baya. Ƙarya a takardar biza tana iya jawo hana shiga Amurka na dindindin, a Kanada shekara 5. Auren haɗi ba laifi ba ne a waɗannan ƙasashe, abin da suke son gani shi ne aure ne na gaske kuma da yarda. Ka tara shaida: takardar aure daga kotu ko ƙaramar hukuma, hotuna, hirarku ta WhatsApp, rasidin kuɗin da kake turawa, tikitin zuwanka gida.

Ke kuma amarya, ana iya ganawa da ke ke kaɗai a ofishin jakadanci. Kunyar da aka yaba miki a gida, sunkuyar da kai da ƙin faɗin sunan miji, jami'in da bai san al'adarmu ba yana iya ɗaukarta alamar an tilasta miki. Ki faɗi sunansa cikakke, ki san aikinsa da garin da yake zaune, ki kuma faɗi yadda kuke da shi ba tare da kwana-kwana ba.

Akwai kuma inda dokarsu ta fi tamu sassauci. Ba su san 'yan'uwantakar shayarwa ba, ba wanda zai tambaye ku a ofishin rajista ko kun sha nono ɗaya. Wannan binciken na iyaye mata ne a gida, kuma a auren zumunci ne ya fi zama dole, tunda yaran gida ɗaya sukan sha a wurin inna ko gwaggo.

Gwajin jini kuwa a yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Idan ku biyun AS ne, wato kuna ɗauke da ƙwayar sikila a jini, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, kuma 'yan dangi ɗaya sun fi saurin haɗuwa a kan abin gado iri ɗaya. A Ingila ungozoma takan tambaya tun awon farko ko ke da mijinki 'yan'uwa ne. Ki ba ta amsa ta gaskiya, domin da ita ake tura ku wurin likitan cututtukan gado idan akwai buƙata.