Yadda ake kimanta shekarun hoton bugun katako na Japan a gidan tarihi

Kafin ka karanta ɗan allon bayanin da ke gefen hoton, gwada idonka tukuna. Sau da yawa launi kaɗai ya isa ya nuna maka zamanin da aka yi aikin.

Fara da tantance bugu ne ko zanen hannu. Zanen hannu ƙwaya ɗaya ne tak, a kan siliki ko takarda, kamar zanen wata mata mai waiwaye na mai zane Hishikawa Moronobu da ke gidan tarihin ƙasa na Tokyo. Bugu kuwa aikin mutum huɗu ne: mai zane, masassaƙin katako, mai bugu, da ɗan kasuwar da ya zuba kuɗinsa. Matso kusa, za ka ga layin bugu kaifi gare shi, ba sawun gashin burushi.

Sai launi, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Baƙar tawada zalla ta fi yawa a zamanin Moronobu, wanda ya rasu a 1694. In ka ga ruwan goro da ya ɗan tsallake layi nan da can, da hannu aka shafa shi bayan bugu, farkon ƙarni na 18 ke nan. Daga dalma ake samun launin, shi ya sa wani ya yi duhu. Baƙi mai ƙyalli a gashi ko ɗamara, gam aka gauraya da tawadar, wajajen 1720 zuwa 1740. Ruwan hoda da kore da suka zauna daram cikin layi kuwa bugu ne, na shekarun 1740 zuwa 1750, bayan an fara yanka alamar kento a gefen katako don takarda ta sauka wuri ɗaya kowane karo. Launuka birjik sai daga 1765, da aikin Suzuki Harunobu.

Duba hatimi ma. Ƙaramin tambarin kiwame na masu tace hotuna bai bayyana ba sai wajajen 1790, don haka mai ɗauke da shi ba na farko-farko ba ne.

Amma kada launi ya yaudare ka. Daga tsirrai ake haɗa shuɗi da ruwan hoda na wancan lokaci, haske na cinye su, shuɗin ya koma ruwan ƙasa. Dalilin dusashe fitilun ɗakin ke nan. Tarin hotunan bugu na Japan mai suna Spaulding da ke gidan tarihin Boston ma sharaɗinsa kada a taɓa rataye shi a bango, sai dai ka nemi hotunansa a shafinsu na intanet, inda za ka iya faɗaɗa kowane layi son ranka.