Yadda za ka shiga wasan tirayal na babur, daga sayen mashin har haɗa ƙaramar gasa

Ranar farko da na ga wannan wasa da idona a wani rafi ne a yankin Yokshaya da ke arewacin Ingila, wani dattijo da zai kai shekara sittin yana tsaye a kan mashin ɗin da ko sirdi babu, yana hawa cikin rafin ruwa na gudu duwatsu duk santsi, kuma tafiyar tasa ba ta fi ta mai tafiya da ƙafa sauri ba, amma har ya fita ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Tun daga ranar abin ya shiga raina. Mutane da yawa suna tambayata yadda ake farawa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani.

Abu na farko da za ka sa a ranka shi ne tirayal ba tsere ba ne, babu ruwan kowa da wa ya riga wa. Ana yanka wani ɗan guri mai wahala, ko duwatsu ko gangare ko jijiyoyin bishiya ko rafi, a kewaye shi da tutoci, ana ce masa sashe, kai kuma aikinka ka shiga ka fita ba ka sauke ƙafa ba. Ka sauke sau ɗaya maki 1, sau biyu maki 2, sau uku ko fiye maki 3, in kuma ka faɗi ko ka fita daga layi ko mashin ya mutu ƙafarka na ƙasa to 5 ce. Wanda ya fi kowa ƙarancin maki shi ya ci. A Birtaniya wasan ya samo asali, gasar kwana shida ta Sukotland tun 1909 ake yin ta kuma har yau duk watan Mayu ana taruwa a garin Fort William, sai Scott Trial ta Yokshaya da aka fara a 1914. Daga baya mutanen Sifen suka karɓe harkar, tun lokacin da gwanin tirayal Sammy Miller ya taimaka wa kamfanin Bultaco na Sifen suka fito da Sherpa T a tsakiyar shekarun 1960, mashin mara nauyi da ya kori manyan mashinan Ingila daga fili. In kana so ka ga inda ƙwarewa ta kai ka nemi bidiyon Toni Bou, ɗan Sifen da ke hawa Montesa, wanda daga 2007 har 2024 babu shekarar da bai ci kofin duniya ba. Amma don Allah ka kalla kawai, kar ka ce abin da yake yi za ka fara da shi.

Shawarata tun kafin ka kashe ko kwabo, ka nemi kulob mafi kusa da kai ka je ranar gasa ka ce musu kana so ka taya su riƙe maki. Ba za su taɓa ƙi ba, kullum masu riƙe maki ƙaranci suke yi. Yini ɗaya a tsaye a bakin sashe za ka ga mutum hamsin ko sittin sun bi guri ɗaya, za ka ga wanda ya bi ta dama ya wuce lafiya da wanda ya bi ta hagu ya maƙale, kuma a nan ne za ka ji wa ke son sayar da mashin mai kyau.

To batun saye. Kamfanonin da za ka fi gani su ne Beta, GasGas, Sherco, Montesa, TRRS, Vertigo da Scorpa, sai Electric Motion mai batir, yara kuma yawanci da Oset suke farawa shi ma na batir ne. Kusan duk sabon shiga idonsa a kan mai babban inji cc 300 yake, ni kuma ina ce maka ka bar ta. Babban mutum 250 ta ishe shi har ta yi yawa, kai ko 125 ma za ta koya maka fiye da 300, saboda babbar da ka ɗan murɗa totur ba da niyya ba za ta fice daga hannunka, daga nan sai tsoro ya shige ka, mai tsoron mashin ɗinsa kuwa ba ya koyon komai. Ka sayi na hannu, don a shekarar farko za ka yar da shi ƙasa ba adadi.

In ka je dubawa ka ce wa mai shi kar ya tayar kafin ka iso, ka taɓa injin ka ji da sanyi sannan ka buga kik da kanka. Ka ɗora mashin a kan akwati tayar baya ta tashi, ka kama ta ka ɗaga sama ka sauke a hankali, in ka ji ƙwas ƙwas boris ɗin da ke ƙarƙashin shoka sun tafi. Ka girgiza tayoyin gefe da gefe. Ka leƙa farantin da ke kare ƙasan inji, in ya lotsa har ya manne da injin kuma robar da ke tsakaninsu ta cinye to duk dukan da dutse ya yi a jikin injin ya sauka. Ka bar shi yana aiki har fankar lagireto ta tashi da kanta, in ba ta tashi ba akwai matsala. Ka duba man giya, in ya yi fari kamar madara ruwa na shiga ciki. Sannan ka buɗe akwatin filtar iska, wallahi wannan gurin shi ke gaya maka halin mai mashin, in ka ga yashi ya wuce filta ya shiga ciki ka yi masa sallama kawai ka tafi. Ni mashin ɗina na farko ban duba boris ɗin shoka ba saboda fentinsa ya burge ni, sati biyu da saye na kwance na tarar duk sun zama tsatsa, kuɗin gyaran da na ajiye na wata uku a nan ya ƙare, abin ya yi min ciwo sosai shi ya sa nake nanata shi.

Kaya kuma, hular kwano ta tirayal mai buɗaɗɗiyar fuska, takalmin tirayal mai laushin tafi don ka riƙa jin matakin ƙafa, safar hannu, da igiyar nan mai maganaɗisu da ake ɗaurawa a wuyan hannu wadda in ka faɗi take kashe inji nan take. Kar ka hau babu ita.

Yanzu ga inda na fi so ka nutsu, iskar taya. Wanda ya saba da Boxer ko Jincheng ya san ana cika taya ta yi tauri wajen 30 a ma'aunin iska na psi, a tirayal kuwa ta gaba wajen 6 ake sa mata ta baya wajen 4, in ka danna da babban yatsa sai ta lotsa. Dalilin shi ne ana so tayar ta naɗe dutse ta rungume shi, ba ta yi tsalle a kansa ba. Gejin mota ba zai karanta maka wannan daidai ba, sai ka sayi ƙaramin geji na musamman da ke tsayawa a 15, kuma duk ranar da za ka hau ka auna, ba jiya da dare ba, a gurin da safe. Bambancin 4 da 6 a tayar baya shi ne bambancin wanda ya hau gangare mai taɓo da wanda ya tsaya a tsakiya taya na juyawa a banza. Tayar baya ba ta da tif, yawanci ta gindin sufok take sace iska, ta gaba kuma tana da tif. In gefen haƙoran tayar baya ya cinye ya yi kwana za ka iya cire ta ka juya ta ɗaya gefen, ta ƙara maka watanni.

Yawancin mashinan nan irin injin da ake gauraya wa fetur da mai ne, kamar tsofaffin Yamaha da Suzuki masu hayaƙi, in ka cire Montesa 4RT da wasu Beta da ke da bakin mai daban. Mutane da yawa suna haɗa 80 da 1, wato lita 5 ta fetur mil 60 da ɗan ɗori na mai, amma ka bi abin da littafin mashin ɗinka ya ce, kuma a jarka za ka haɗa ka girgiza ba a cikin tanki ba. Tankin ƙarami ne bai wuce lita biyu da rabi zuwa uku ba, saboda haka jarka kullum tana cikin mota.

Duk ranar da ka dawo ka wanke shi a ranar kafin taɓo ya bushe, ka toshe bakin salansa, kuma kar ka saita ruwa mai ƙarfi a kan boris. Ka cire filta ka wanke ta bushe sarai sannan ka shafa mata man filta ka matse. Ka sa wa sarƙa mai. In ka shiga rafi ka buɗe murfin gefen filawil ka bar shi ya sha iska, ruwa na kwanciya a ciki ya kashe maka wuta. Man giya ni bayan fita huɗu ko biyar nake canzawa, ba shi da yawa kuma shi ne ke sa kuloch ya yi laushi, a wannan wasa kuwa kuloch shi ne komai. Kafin ka ƙara man kuloch ko na birki ka karanta abin da ke rubuce a kan murfin, wasu DOT 4 suke sha wasu man minaral, in ka musanya robobin ciki za su kumbura su lalace. Boris ɗin shoka da na kan mashin ka kwance ka sa giris ko sau biyu a shekara.

Koyo kuma ba ya bukatar dutse a farko. A tsakar gida ma, inji a kashe, ka karya kan mashin har ƙarshe ka riƙe birki biyu ka tsaya a kan matakai, in mashin ya karkata dama ka danna ƙafar hagu, minti goma kullum, wata ɗaya za ka ga canji. Daga nan ka ajiye duwatsu biyu ka riƙa zagaya su kamar kana rubuta 8 a giya ɗaya, a hankali iyakar iyawarka, ka kwantar da mashin cikin kwana jikinka kuma ya tsaya a waje, gwiwoyi a buɗe kar ka matse mashin. Yatsa ɗaya a kan kuloch yatsa ɗaya a kan birki koyaushe. Idonka a inda za ka, in ka ƙura wa dutse ido shi za ka daka. In za ka hau tudu a ƙasa za ka tara ƙarfi a giya biyu ko uku, kana kusa da sama ka sassauta totur, in za ka sauka ka mayar da ɗuwawu baya ka bar inji da birki biyu su riƙe ka. Kuma duk sashen da za ka shiga ka fara taka shi da ƙafa, manyan ma haka suke yi.

Sai batun haɗa gasa. Fili shi ne gaba da komai, ka je gurin mai gona da kanka ku yi magana, ka ji inda dabbobinsa suke da inda ba ya so a taka, ka samu izininsa a rubuce. A Birtaniya yawancin kulob suna ƙarƙashin ACU, wato hukumar wasan babur ta can, daga gurinsu ake karɓar takardar izinin gasa kuma inshora tana tafe da ita, a wata ƙasa kuma ka nemi hukumar wasan babur ta ƙasar, amma kar ka tara mutane babu inshora. Ƙaramar gasa sashe 10 zagaye 4 ta isa, shiga sashe sau arba'in ke nan ga kowa. Kowane sashe da katin shiga da katin fita, ja a dama shuɗi a hagu kamar yadda aka saba a can, sannan ka fitar da hanya biyu ko uku da tutoci masu launi daban, ta sababbi da ta tsakiya da ta gwanaye. Kuskuren da masu shiryawa suka fi yi shi ne su sa sashe daidai da ƙarfinsu su, sai yaro ko sabon shiga ya kwashi 5 tun safe har yamma, ba zai sake dawowa ba. Hanyar sababbi ka yi ta yadda in mutum ya nutsu zai fita da sifili, kuma in ya faɗi ba zai ji rauni ba. Ka tuna kuma sashen da ke da sauƙi da safe, bayan taya ɗari biyu ta bi ta kansa ko ruwa ya sauka, wani abu ne daban.

Kafin a fara ka tara kowa ka faɗa musu dokar da za a bi, ko an yarda mutum ya tsaya cak a cikin sashe muddin bai koma baya ba, ko kuwa tsayawa 5 ce kamar yadda ake yi a gasar kwana shida ta Sukotland, don rigimar da ake yi da masu riƙe maki kusan duk daga nan take tasowa. Ka gaya wa masu riƙe makin cewa da gatarin tayar gaba ake lissafi, in ya wuce katin shiga an shiga in ya wuce katin fita an fita, kuma maganarsu ita ce ta ƙarshe a sashensu. Mutanen nan kyauta suke tsayuwa awa huɗu cikin sanyi, ka kai musu shayi mai zafi da abin taɓawa. In mutum biyu suka yi kunnen doki wanda ya fi yawan sifili shi ne gaba. A tanadi mai ba da taimakon gaggawa da akwatinsa, kuma a san ta ƙofar da motar asibiti za ta shigo.

In an tashi ku bi sashe ɗaya bayan ɗaya ku tsince tutoci da duk wani guntun tef don tumaki suna haɗiya, ku rufe kowace ƙofar gona yadda kuka same ta, ka biya ta gidan mai filin ka yi masa godiya ka tambaye shi ko akwai inda aka ɓata a gyara, sannan a daren ka haɗa maki ka tura wa kowa sakamako tare da ranar gasa ta gaba.