Darasi na 9: Gado Biyu Iri Ɗaya

Duk wanda aka yi wa awon jini kafin aure ya ga haruffa biyu a takardarsa: AA, AS ko SS. Me ya sa biyu? Ɗaya daga uba ya fito, ɗaya daga uwa.

In haruffan suka zo iri ɗaya, likitoci kan ce mutum homozigot ne, wato abin da ya gada daga uba shi ya gada daga uwa. Kalmar ba sunan cuta ba ce. Mai AA ma homozigot ne, kuma jininsa lafiya lau. Mai SS ne ke fama da amosanin jini, wanda mu a Maraɗi muke ce wa emasi, maƙwabtanmu Katsinawa su ce sikila. Shi kuwa mai AS gadonsa gauraye ne. Galibi ba ya jin komai, amma yana ɗauke da S.

Mu gwada da hannu. A kawo ƙwarya biyu, ta uba da ta uwa. A zuba farin wake 10 da jan wake 10 a kowace. Fari shi ne A, ja shi ne S, ke nan iyayen duka AS ne. Mutum ɗaya ya rufe ido, ya ɗauko ƙwaya ɗaya nan, ɗaya can. Wannan shi ne jaririn. A rubuta abin da ya fito, a mayar da waken, a motsa, a sake har sau 40. Za ku ga ja biyu na fitowa wajen sau ɗaya cikin huɗu, fari biyu ma haka, sauran gauraye.

Kada a manta da mayar da waken, don ƙwarya ba ta tuna abin da ya fita ɗazu. Kowane ciki sabon ɗauka ne. Gida mai ƴaƴa huɗu zai iya rasa SS ko ɗaya, wani gidan ya samu uku.

Yanzu ku duba: ja biyu sun taɓa fitowa daga ƙwarya ɗaya? Ba su taɓa ba. To dangin miji da ke cewa matar ce ta kawo musu ciwo, su zo su ɗauki waken da hannunsu. A auren zumunci ma, ango da amarya kan iya gadon S ɗin daga kaka guda.

Aiki: uba AA ne, uwa SS. Ku shirya ƙoren, ku ɗauka sau 10, ku rubuta abin da ya fito.