Yadda ake ƙarfafa wadda aka yi wa rasuwa bayan 'yan makoki sun watse

Ranar jana'iza ba a rasa mutane. Mawaƙa sun zo, Zumuntar Mata sun ɗora tukwane, matasa sun jera kujeru, fasto ya yi wa'azi, an tara gudunmawa. Bayan kwana bakwai ko goma sai a kwance rumfa, dangi na nesa su kama hanya, gida ya yi tsit. A lokacin ne matar da ta rasa miji take fara gane abin da ya same ta, a lokacin ne kuma yawancin 'yan ikilisiya suke ganin sun fita hakkinta. Aikin ƙarfafawa daga mako na uku yake somawa, kuma idan aka bar shi ga "duk wanda ya samu hali", babu mai zuwa. Ko ikilisiyar farko a Urushalima ta faɗa wannan ramin: Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna an riƙa mantawa da wasu gwauraye wajen rabon abinci na yau da kullum, har sai da aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin, kowa da sunansa.

Don haka abu na farko shi ne a rubuta sunaye. Dattawa ko shugabar Zumuntar Mata su ware mutum huɗu zuwa shida, a raba su biyu-biyu, a zana jadawali na wata shida: sau ɗaya a mako a wata biyu na farko, sau biyu a wata bayan haka. Mutum ɗaya ya riƙe takardar, ya kuma kira waya ranar Asabar ya ji ko an je. Idan ba mai bibiya, kafin mako na biyar jadawalin ya mutu. Mata su je wa mace, maza su je wa namiji. Namiji, ko fasto ne ko dattijo, kada ya shiga gidan gwauruwa shi kaɗai. Ya tafi da matarsa ko da wata dattijuwa. Bakin unguwa ba shi da linzami, kuma ita ce za ta sha zargin, ba shi ba.

A kira kafin a je. Da la'asar, tsakanin huɗu da shida, ya fi dacewa a yawancin gidaje: rana ta yi sanyi, yara sun dawo, ba a kai ga abincin dare ba. Kada a sauka daidai lokacin cin abinci hannu rabbana, domin za ta ji nauyin ba ku abin da ta tanada wa 'ya'yanta. Minti talatin zuwa arba'in ya isa, sai dai idan ita ce ta riƙe ku. Mutum biyu sun wadatar. Idan aka kai goma, ziyara ta koma taro, ita kuma ta koma mai masaukin baƙi tana neman kujeru da ruwan sha.

Abin da za a faɗa, da abin da za a haɗiye

A nan ne masu kyakkyawar niyya suke yin ɓarna mafi yawa. Gaisuwa ta gari ta isa ta buɗe ƙofa: "Mama, sannu da rashi. Yaya haƙuri? Yaya yara?" Daga nan a zauna, a saurara. Abokan Ayuba uku sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan, gama sun ga azabarsa ta yi yawa. Wannan shi ne abu mafi kyau da suka yi masa. Da suka buɗe baki suna nemo masa dalilin wahalarsa, sai ya kira su masu ta'aziyyar banza, a ƙarshen littafin Ayuba kuma Ubangiji da kansa ya husata da Elifaz, ɗaya daga cikinsu, da sauran biyun.

Akwai maganganun da suke fita daga baki da sauƙi amma suna barin miki. "Daina kuka, ke fa mai bi ce" tana koya mata cewa hawaye rashin bangaskiya ne, alhali Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru, Bulus kuma a Romawa 12:15 ya ce a yi kuka tare da masu kuka. "Na san yadda kike ji" ba gaskiya ba ce, ko da ke ma kin taɓa rasa miji. "Ai gara ke, wance 'ya'ya biyu ta binne" tana rufe mata baki, daga ranar ba za ta ƙara gaya muku damuwarta ba. Mafi muni ita ce a fara hasashen cewa da hannun wani a mutuwar, ko wani zunubi ne ya jawo. Irin wannan magana takan raba dangi har jikoki, kuma mai ziyara ba shi da hurumin yin ta. Idan ita ce ta tambaya, "Me ya sa Allah ya yi mini haka?", kada a yi gaggawar kāre Allah da dogon wa'azi. Zabura 13 da 42 da 88 cike suke da irin wannan tambaya. A ce mata, "Ba ni da amsa, Mama, amma muna tare da ke, za mu kuma dawo ranar Talata." Sai a dawo ranar Talatar.

A ambaci sunan mamacin. Mutane suna gudun haka don kada su tayar mata da hankali, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne ta ga kamar an riga an manta da shi. A faɗi wani abu takamaimai da aka sani: yadda yakan riga kowa zuwa sujadar safe, ko yadda ya taɓa kai wani asibiti a babur ɗinsa da tsakar dare. Idan ta yi kuka, a bar ta ta yi. Idan tana maimaita labarin ranar rasuwar karo na biyar, a saurara kamar yau aka fara ji.

Karatu da addu'a su zo a ƙarshe, kuma a nemi izini: "Mu yi addu'a kafin mu tafi?" Aya huɗu zuwa shida sun isa, kamar Zabura 23, Zabura 121, ko 2 Korintiyawa 1:3-4. Tsofaffi da yawa kunnensu ya saba da tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932, inda ake kiran littafin Karin Magana da sunan Misalai. Idan da shi ta saba, a karɓi nata a karanta daga ciki. Addu'a kada ta wuce minti biyu ko uku, a kira sunanta da na 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, kada kuma a mai da addu'a hanyar yi mata faɗa a fakaice. Waƙa sai idan ita ta nema. Karin Magana 25:20 ta kwatanta mai rera wa mai baƙin ciki waƙa da wanda ya tuɓe wa mutum riga a ranar sanyi.

Abin da za a riƙa a hannu

Yakubu 2:15-16 ya yi magana a kan wanda zai ce wa mayunwaci ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, bai kuwa ba shi komai ba. Lokacin da Iliya ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa, mala'ika bai fara da nasiha ba. Gurasa da tulun ruwa ya ajiye masa, har sau biyu, ya bar shi ya yi barci. Ba sai abu ya yi yawa ba: mudu biyu na masara ko shinkafa, kwalbar manja, sabulun wanki, ƙullin gawayi. A shiga da shi a rufe, a ajiye a madafa ba tare da sanarwa ba. Hoto kuwa kada a ɗauka sam, balle a sa a Facebook ko zauren WhatsApp na coci. Kyautar da aka yi shela da ita takan sa mai karɓa ya daina zuwa sujada don kunya.

"Idan kina bukatar wani abu ki faɗa" ba ta aiki, domin ba za ta faɗa ba. A duba da ido, a kawo tayi mai suna: "Ranar Alhamis matasa za su zo su gyara kwanon da ke yoyo", ko "Zan riƙa biyowa in ɗauki yara zuwa makarantar Lahadi." Akwai lokuta uku da tura takan kai bango. Farkon damina, sa'ad da gona ke jiran huɗa da taki babu mai yi. Gayyar rana ɗaya ta matasa goma tana iya ceton abincin shekara. Sai Yuli da Agusta, da rumbu ya yi ƙasa sabon amfani bai iso ba. Sai Satumba, lokacin kuɗin makaranta na zangon farko. Kuɗin makaranta a biya kai tsaye a kawo mata rasit. Duk kuɗin da aka tara da sunanta mutum biyu su ƙirga, a rubuta, a ba ta a hannunta, ba ta hannun wani ɗan'uwan miji ba.

Idan mamacin ma'aikaci ne ko yana da ajiya a banki, a samo mata wanda ya san takardu ya raka ta. A Najeriya za a nemi takardar shaidar mutuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, kuma idan bai bar wasiyya ba, banki yakan bukaci takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotun jiha. Zirga-zirgar takan ɗauki watanni, mata da yawa kuma sukan haƙura da hakkinsu don ba mai raka su. Idan rigimar gado ta taso, masu ziyara kada su zama alƙalai. Su kai maganar gaban fasto da dattawa da wuri, kafin a kwashe kaya.

Abin da aka ji a ɗakinta a bar shi a can. "Batun addu'a" da ake karantawa a gaban jama'a ya tona asirin gidaje da yawa. Kafin a kai damuwarta ko gaban fasto ne, a tambaye ta.

Wuri ɗaya ne ba a riƙe sirri. Idan makonni sun wuce ba ta ci, ba ta barci, ta daina wanka da kula da yara, ko ta fara cewa gara ta bi shi, kada a tsaya ga addu'a kaɗai, kada kuma a tsawata mata. A tambaye ta kai tsaye, cikin natsuwa, ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Idan ta amsa da e, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin feshi da na ɓera daga gidan, a gaya wa fasto da wani amintacce cikin danginta, a kai ta ga likita a ranar. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Wannan ciwo ne da ake magani, ganin likita kuma ba ya rage wa kowa bangaskiya.

Komawa sujada karo na farko yana da wuya fiye da yadda ake zato, domin za ta ga gurbin da yake zama. Wata ta biyo mata gida, su tafi tare, su zauna tare kusa da ƙofa don ta iya fita idan abin ya fi ƙarfinta. Kada a tashe ta tsaye a gaban jama'a sai ta yarda tun kafin ranar. A rubuta ranakun da za su yi mata nauyi, wato Kirsimeti na farko, ranar aurensu, da ranar cika shekara, a kira ta ko a je. Saƙon waya da aka rubuta da sunanta, ko layi biyu ne, ya fi ayoyi ashirin da aka turo wa kowa da kowa.

Wajen wata na huɗu ko na biyar, idan an ga ta fara farfaɗowa, a ba ta wani ɗan aiki: ta koma cikin mawaƙa, ta taya koyar da yara, ko ta raka wata zuwa gaisuwar mara lafiya. Mutumin da kullum shi ake ba yakan gaji da zama abin tausayi. Masu ziyarar su ma a duba su. Duk wadda ta nuna gajiya a canza ta da wata, amma a sanar da gwauruwar tun da wuri, a kuma kawo sabuwar a gabatar da ita, don kada ta ɗauka an yar da ita ne. Idan wata shida sun cika, ƙungiyar ta zauna ta duba abin da ya rage, musamman makarantar yara da gona, a sa sunan wanda zai ci gaba da riƙe kowanne.