Yadda Za Ka Kunna Tantancewa Mai Mataki Biyu a Imel Ɗin Ofis

Ma'aikacin da aka tura ƙauye a yankin Gwaram ko Birnin Kudu, wanda yake buɗe imel ɗin ofis a wayarsa, bai kamata ya dogara da kalmar sirri kaɗai ba, domin duk wanda ya same ta ya shiga ke nan. Maganin haka shi ne tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sake neman wata lamba daga wayarka kafin imel ya buɗe.

Da farko, ka sauke manhajar Microsoft Authenticator ko Google Authenticator ranar da ka shigo gari inda sabis yake da ƙarfi. Sannan ka buɗe imel ɗin a kwamfuta, ka je sashen tsaro, ka zaɓi tantancewa mai mataki biyu. Idan ba ka ga wurin ba, jami'in kwamfuta na ma'aikatarku ne zai buɗe maka.

Za a nuna maka zanen QR, wato wani zane mai kusurwa huɗu da ɗigo-ɗigo, sai ka haska shi da kyamarar manhajar, nan take ta fara ba ka lamba mai alƙaluma 6 da take canzawa bayan kowace daƙiƙa 30. Ka rubuta lambar a kwamfutar don kammala haɗin. Na fi amincewa da wannan hanya a kan karɓar lambar ta saƙon tes, saboda tana aiki ko babu sabis, kuma wanda ya sace layinka ba zai samu lambar ba. Sai dai agogon wayar ya zama daidai, in ba haka ba za a riƙa ƙin karɓar lambar.

Idan an ba ka lambobin ko-ta-kwana, wato waɗanda za ka shiga da su idan wayar ta ɓata, ka rubuta su a takarda ka adana a gida. Kafin ka miƙa wayar ga mai caji ranar kasuwa, ka tabbatar ka kulle ta, kuma kada ka karanta wa wanda ya kira ka lambar da manhajar take nunawa, ko da ya ce daga ofis yake.