Kurakuran da ke cinye makin lissafi a ɗakin jarrabawa

Ɗalibai da dama sun iya lissafin da aka tambaye su, amma lokaci ne yake kayar da su. A SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka da ake yi a kwamfuta, tambayoyin lissafi 44 ne cikin minti 70, kusan daƙiƙa 95 ke nan ga kowace. A JAMB abin ya fi matsi: tambayoyi 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 kacal idan aka raba daidai.

Babban kuskure shi ne kafewa a kan tambaya ɗaya. Ɗalibi ya ci karo da mai wuya, zuciya ta ɗebe shi, ya ce sai ya ga bayanta. Minti biyar sun tafi, alhali can gaba akwai tambayoyi huɗu masu sauƙi da ba zai ma samu karanta su ba. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai, domin maki ne da yake hannu aka bari ya zube. Idan ka karanta tambaya sau biyu ba ka ga ta inda za ka ɓullo mata ba, zaɓi amsa ta wucin gadi, yi mata alama, ka wuce. Ka fara kwashe waɗanda ka sani, sannan ka dawo. Sau da yawa a dawowar ne hanyar take bayyana, tunda hankali ya kwanta. Sai dai ka san tsarin jarrabawarka tun a gida: lissafin SAT kashi biyu ne, kowanne minti 35, kuma da ka fita daga na farko ba komawa.

Sai barin gurbi babu amsa. Tsoron canka ya samo asali ne daga jarrabawar da ke yanke maki, kamar SAT ta da, wadda take cire rubu'in maki kan amsar da ba daidai ba. An daina hakan tun 2016. Inda ba a yankewa, gurbin da ka bari asara ce tsantsa. Zaɓi huɗu na nufin kana da damar kashi 25 cikin ɗari ko da ido rufe ka zaɓa, kuma idan ka kawar da biyu ta koma 50. Karanta ƙa'idar jarrabawarka ka tabbatar.

Amma canka ma da dabara ake yin ta. A ce an tambaye ka kashi 19 cikin ɗari na 410, zaɓuɓɓukan kuma 41 da 77.9 da 118 da 195. Kashi 20 na 400 dai 80 ne, don haka 77.9 ce kaɗai ta yi kusa, ba sai ka taɓa kalkuleta ba. Haka idan ana neman tsawon gefe, duk amsar da ke ƙasa da sifili ta fita. Idan aljabara ta rikice maka, ɗauki zaɓuɓɓukan ka riƙa sa su a gurbin x, ka fara da na tsakiya in an jera su daga ƙarami zuwa babba.

Akwai kuma gaggawar da ke sa a amsa abin da ba a tambaya ba. An ce 3x + 7 = 25, a nemo x + 2. Ka samo x = 6, ka gan ta cikin zaɓi, ka danna da murna, alhali amsar 8 ce. Da gangan masu tsara tambaya suke ajiye 6 ɗin. Sake duba jimlar ƙarshe kafin ka zaɓa.

Game da agogo, duba shi bayan kowace tambaya goma ya isa. Idan saura minti biyu, dakatar da lissafi ka cike duk gurbin da ya rage.