Yadda nake ɗora Linux Mint a tsohuwar kwamfuta

Tun da Microsoft ta daina sabunta Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ake ta kawo min tsofaffin kwamfutoci a shagona da ke titin Beirut, don Windows 11 ba ta karɓar mashin marar TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta. Linux Mint 22 nake ɗora musu, manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Kyauta ce, kuma za a ci gaba da sabunta ta har 2029.

Ka fara kwashe fayilolinka zuwa wani hadis (hard disk), don girkawar tana iya share komai. Sauko da ISO, wato fayil ɗin girkawa, daga shafin Mint, kusan giga 3 ne, gara da dare lokacin da data take araha. Rubuta shi a filas mai giga 8 da Rufus, manhajar da ke mayar da filas abin tayar da kwamfuta. Sa filas ɗin, ka kunna kwamfutar kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce, don ka zaɓi ta tashi daga filas.

Nan ne mutane ke gaggawa. Kada ka girka tukuna! Mint tana tashi daga filas, ka gwada waya-fai, sauti da firinta. Ka tabbata batir ya cika kafin ka girka. Wuta ta taɓa ɗaukewa ina tsakiyar aiki, sai da na sake daga farko.

In ka gama girkawa, buɗe Terminal, wato wurin buga umarni, ka buga sudo apt update, sannan sudo apt upgrade don sabunta manhajoji, ka kunna Timeshift, mai ajiye kwafin tsarin don ka koma baya in wani abu ya lalace.